Wuya Daban, Wahala Daban

A ƙasar Taura ba a gaida mai huɗa da gaisuwar mai jinya. Wanda ya tarar da mutum duƙe a gona, sannu da aiki zai ce masa, shi kuma ya amsa da aiki da godiya ko bai ɗago kai ba. Wanda ya leƙa ɗakin da mace ta yi makonni tana juya tsohuwar da ba ta iya tashi, ba zai ce mata sannu da aiki ba, ko da yake abin da take yi ya fi huɗa cin jiki. Sannu da fama zai ce, ko sannu da ɗawainiya. In gidan biki ne, matan da ke bakin murhu tun asuba sannu da hidima ake ce musu. In gidan da aka yi rashi ne, sai ya ƙarin haƙuri. Ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya tsara masa waɗannan, amma yaron da ya rikita su sai ya sha harara.

Gaisuwar ba girman abin take aunawa ba. Irinsa take faɗa: a ina yake cin mutum, wa ya ɗora masa, kuma akwai wanda za a tambaya a kai ko babu.

Wuya a jikin aikin take, wahala kuwa a jikin mutum. Hardar Alƙur'ani tana da wuya, lissafin rabon gado yana da wuya, ɗinkin hula mai ƙananan zane yana da wuya, alhali duk a inuwa ake yin su. Ka je kasuwar Gujungu ranar Lahadi, inda hanyar Kano ta Ringim ta haɗu da ta Gumel da ta Haɗeja da wadda ta bi ta Jahun zuwa Dutse, ka tsaya wurin da ake lodin riɗi da zoɓo da gero. Abin da ɗan dako yake yi ba shi da wata wuya, ko yaro ya kalla sau ɗaya ya gane: a ɗora maka buhu, ka taka katako, ka jefa cikin mota, ka dawo. Amma wahala ce tsantsa. Shi kuwa dillalin da ke zaune a kan benci yana sasanta mai kaya da ɗan kasuwar da ya zo daga Dawanau, aikinsa ne mai wuya, don ba kowa ne zai iya riƙe mutum biyu masu taurin kai har su yi sallama ba, kuma rigarsa ko ƙura ba ta yi. Har a aikatau an raba su. Abu ne yake wuyata, mutum ne yake wahala.

Ba cewa nake an gina katanga tsakaninsu ba. Ana cewa wane ya sha wuya, ana cewa ya sha wahala, a wurare da yawa kuma duk ɗaya ne. Sai dai wanda aka ce ya sha wuya, yawanci ya riga ya fito, labari ake bayarwa, shi ya sa karin maganar ta ce bayan wuya sai daɗi. Wanda aka ce yana wahala kuwa yana ciki tsundum. Sannan wuya tana da wasu ƙofofi da wahala ba ta bi. Ita ce ƙarancin abu: a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuya, mutane kuma suka wahala, har mai akuya ya kai ta kasuwa ya komo da ita don ba wanda ke da tsabar kuɗi a hannu. Ita ce kuma shakka, kamar in aka ce da wuya motar nan ta cika kafin azahar.

Wahala tana da wata ɗabi'a da nake ganin ita ce asalin zafinta, wato kullum ana yi mata hisabi. Ta biya ko ba ta biya ba? Manomin riɗi ya yi sassabe, ya yi shuka, ya yi noma da maimai, ya yanke ya jingine shi ya bushe, ya kakkaɓe ya sheƙe. In farashi ya yi kyau a Gujungu ko Maigatari, ba za ka ji kalmar a bakinsa ba, cewa zai yi bana an gode Allah. In ruwan ƙarshen damina ya dake shi a jingine, ko farashi ya faɗi bayan ya ci bashin taki, nan take aikin da bai canza ba ko da taku ɗaya zai koma wahalar banza. Gumin ɗaya ne, sunan ne yake jiran ranar kasuwa. Shi ya sa ɗan wahala zagi ne. Ba mai yawan aiki ake nufi ba, ana nufin wanda yake ta yi ba a ganin komai.

Kalmar wahala ta yi tafiya kudu, ta shiga bakin Yarabawa da Turancin kasuwa na Legas da Fatakwal, amma a can ta sauya hali. Ta koma rigima da tashin hankali da duk wani abu mai ɓata lokaci, har mace mai tsiwa ana kiranta da ita. Yaranmu da ke zuwa cirani suna dawowa da wannan sabuwar ma'ana, sai ka ji matashi ya ce kada a kawo masa wahala, tsoho ya dube shi yana neman inda kayan suke.

Akwai wani nau'in da ba wuya ba ne, ba kuma wahala sosai ba, wanda mata suka fi kowa saninsa. Ɓarar zoɓo ce misalinsa. A zaune ake yi, a tsakar gida, ana hira, ba nauyi ba gudu. Amma ƙwarya ba ta cika, tulin ba ya raguwa, ƙaiƙayinsa yana cin yatsu da wuyan hannu, kuma gobe ma shi ne. Wannan shi ake ce wa aiki mai cin rai. Tsintar tsakuwa a shinkafa, ɓarar gyaɗa, korar tsuntsu a fadama daga hantsi zuwa faɗuwar rana, bin layi a banki, duk danginsa ne. Ba jiki yake ci ba, ba ƙwaƙwalwa ba, haƙuri yake ci. Namijin da ya ce ai aikin zaune ne, a ba shi buhu guda ya gwada.

Abin da ya sa na fara sa kunne ga waɗannan bambance-bambance shi ne takardar jarrabawar Turanci. A WAEC da NECO da JAMB akwai sashen da ake ja wa kalma layi, a jero huɗu ko biyar a ƙasa, a ce ɗalibi ya zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana. Yaron Kwalam ko Sabon Garin Yaya da ke son shiga Jami'ar Tarayya ta Dutse ko ta Sule Lamido da ke Kafin Hausa, dole ya ci Turanci, kuma a nan ne da yawa suke tuntuɓe. Kalmomin da Bature yake siffanta abu mai tsanani da su suna da yawa, malami kuma don sauri sai ya fassara su duka da mai wuya. To in duka biyar ɗin mai wuya ne, wanne za a zaɓa? Alhali ba ɗaya ba ne. Arduous daga Latin ta fito, asalinta tudu ne mai tsayi, don haka aikin da ke cin ƙarfi ake nufi, irin na ɗan dako. Onerous ma daga Latin take, asalinta kaya, kuma an fi jin ta a kan wajibi da haraji da sharaɗin yarjejeniya, wato abin da aka ɗora wa mutum. Tedious ita ce ɓarar zoɓo. Yaron ya san duk wannan tun kafin ya shiga aji, a bakin uwarsa ya ji. Fassarar gaggawa ce ta tattara masa su a buhu ɗaya, sannan aka ce ba ya ganewa. Da malami zai ce wannan wahala ce, wannan nauyi ne, wannan cin rai ne, da rabin aikin ya ƙare.

Nauyi shi ne babba a gidan waɗannan kalmomi, kuma shi kaɗai ne mutum yake alfahari da shi. Ba wanda zai tsaya a majalisa ya ce ni mai wahala ne, amma da ƙarfin murya ake cewa mutum goma sha biyar ne a ƙarƙashina, nauyinsu a kaina yake. Nauyi yana da mai shi. Ana ɗaukarsa, ana ɗora wa wani, ana cewa ya rataya a wuyan wane. A rubuce wuyan da ke ɗaukar kai da wuyar da ake sha duk haruffa huɗu ne iri ɗaya, karin sauti ne ya raba su, na farko ya tashi ya sauka, ta biyu ta fara ƙasa ta hau. Bargery ya sa alamar sautin a ƙamusunsa na 1934, rubutunmu na yau da kullum kuwa ya bar wa mai karatu ya gane da kansa. Ɗan dako dai ba ya buƙatar alama, don duka biyun a wuri ɗaya yake jin su.

Kuma nauyi ne kaɗai ake saukewa. Wahala wucewa take yi, ko ta ƙi wucewa, ba ruwanta da nufin mai shan ta. Nauyi kuwa yana da ranar da za a ce an kai. Uban da ya aurar da 'yarsa ya sauke nauyi. Wanda ya je Makka ya sauke farali. Mai juna biyu in watanni suka ja sai a ce ta yi nauyi, a yi mata addu'ar Allah ya sauke ta lafiya, ranar haihuwa kuma a ce ta sauka. Har kunya da girmamawa da shi ake auna su: ana jin nauyin suruki, ana jin nauyin malami, uwa tana jin nauyin ɗan fari har ba ta kiran sunansa. Mutumin da ba a jin nauyinsa a gari, ko ya tara dukiya, bai cika ba.

Amma wa aka yarda ya kira abin da yake yi nauyi? A nan ne nake da magana. Shari'a ta ɗora ci da sha da sutura da wurin kwana a kan miji, don haka nauyin gida nasa ne a suna. A aikace kuwa, gidaje nawa ne a Taura da Kiri da Maje inda kuɗin cefanen yau daga ɓarar zoɓo ya fito, ko daga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ko daga awarar da yarinya ta kai bakin makaranta? Kayan ɗakin amarya, tun daga kwanuka har katifa, uwa ce take tara su da adashi shekara da shekaru. Duk da haka ba a cewa ta ɗauki nauyin gidan. Cewa ake yi tana taimakawa. Taimako kuwa abu ne na ganin dama, ba a bin mai yin sa bashi, shi ma ba ya bin kowa. Da wannan kalma guda ake karɓar guminta a hana ta girman da ke tafe da shi. In ta yi ƙorafi a ce mata ai lada take samu, wanda gaskiya ne, sai dai shi ma maigidan lada yake samu, kuma ba a hana shi sunan ba.

Ɗawainiya ta fi nauyi laushi. Ita wahala ce da aka sha don wani, kuma ana gode ta. Baƙo ya ga an shigo da kwanon tuwo da kaza, sai ya ce, "Haba Alhaji, wannan ɗawainiya haka?" Mai gida ya ce, "Ai yi wa kai ne." Dattijuwar da za ta roƙi ɗan ƙanenta ya kai ta asibitin Ringim a babur, da haka take farawa: "Ɗan nan, zan ɗora maka ɗawainiya." Shi kuma ya ce, "Wace ɗawainiya, Gwaggo? Ai dole ne." Ta kira shi ɗawainiya don kada ta nuna tana da iko, shi ya mayar da shi dole don kada ta ji nauyi. Cikin jimla biyu sun yi ciniki sun gama, ba wanda ya zubar da girman wani. Hidima kuma, wadda muka aro daga Larabci, ɗawainiya ce mai taro da kashe kuɗi, ta biki da suna da salla. In abin ya yi yawa har ya fara gundurar mai yi, sai ya koma jidali, kuma da wuya ka ji an faɗe shi a gaban wanda ake yi wa.

Larura mayafi ce. In aka ce wane yana da larura, an rufe ciwon da ba a son ambata, ko na jiki ko na ƙwaƙwalwa. Mai neman rance ma da ita yake sallama, larura ce ta kawo ni, kuma mai hankali ba ya tambayar wace iri.

Tun daga 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, wata kalma ta hau gaba a rediyo da majalisu, wato matsi. Litar fetur da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Mai noman rani a fadamar Kogin Haɗeja, wanda injin ban ruwansa fetur yake sha, ya san wannan lissafi fiye da kowane masani. Talauci tsohon abu ne, an san shi, yana da karin magana da addu'o'insa. Tsada kuma halin kasuwa ce, tana hawa tana sauka. Matsi daban yake, don ba ya faruwa sai da mai matsawa. In mutum ya ce an matsa mana, ko bai kira suna ba ya nuna cewa akwai hannu. Ina ganin shi ya sa masu mulki suka fi sakewa da tsadar rayuwa, su ce ai ko'ina a duniya haka ake fama, talaka kuma ya fi riƙe matsi. A ranar 1 ga Agusta 2024 matasa suka fito zanga-zanga a jihohi da dama, har aka sa dokar hana fita a Jigawa da Kano. In matsin ya daɗe ya shige ciki, shi ne ƙunci, kuma shi ba a kasuwa ake ganinsa ba. A gida ake ganinsa, wurin magidancin da ya daina zama cin abinci da 'ya'yansa don kada a tambaye shi abin da ba shi da shi.

Sai kuma kalmomin da ake ajiyewa don babban abu, kusan dukkansu daga Larabci: masifa, bala'i, iftila'i. Da damina in aka tambayi mutum ya ruwa, amsar ita ce ruwa ya yi gyara, kuma haka ake amsawa ko da katangar gidansa ta zube daren jiya, don ba a kushe rahama. A 2022, da Kogin Haɗeja ya cika ya tumbatsa, ya shanye gonaki da gidaje tun daga ƙasar Ringim har ƙasa, iftila'i aka kira shi, aka yi ta zirga-zirgar jaje. Kalmar tana da amfaninta, kuma ban raina shi ba. Tana cewa jarrabawa ce daga Allah, ba laifinka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne ka karɓi taimako. Mutumin da rumbunsa ya narke a ruwa yana buƙatar jin haka. Amma kogin nan ba sakaka yake ba. Akwai madatsar Tiga a samansa tun 1974, akwai ta Challawa tun 1992, akwai ciyawar kacala da yashi da suka toshe hanyoyin ruwa a ƙasa. Waɗannan abubuwa ne da ke da ofis da kasafi da ma'aikata. In aka ce iftila'i aka yi shiru, an yi wa mai gona ta'aziyya, an kuma sallami mai ofis.

Daren Talata 15 ga Oktoba 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura. Fetur ya malala cikin kwata, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna ɗiba, wuta ta tashi. Washegari aka yi jana'izar mutane da yawa a kabari ɗaya, asibitocin Ringim da Haɗeja suka cika, wasu aka wuce da su Dutse da Kano. Kwamitin da Gwamna Umar Namadi ya kafa ya ƙirga mamata fiye da 200, mafi yawansu matasa.

A kwanakin da suka biyo baya kalmomi uku ne suka yi ta karo. Masu zuwa ta'aziyya suka ce iftila'i. Wasu daga nesa, musamman a Facebook, suka ce ganganci ne da kwaɗayi. Wasu suka ce matsi ne, don a watan ne lita ta haura naira 1,000, kuma jarka ɗaya ta fi abin da ɗan dako zai samu a ranar kasuwa. Kowace kalma da wanda take wankewa. Ta farko ta wanke kowa, ta biyu ta wanke hukuma ta bar laifin a kan mamata, ta uku ta wanke mamata ta miƙa tambayar sama. Ni ban ga yadda za a yi gaskiya da ɗaya kaɗai ba. Wanda ya tunkari fetur da dare ya yi ganganci, wannan ba musu, kuma an sha yin irin haka a ƙasar nan tun lokacin da mai yake da araha. Amma wanda ya faɗi ganganci ya tsaya nan, bai taɓa tsayawa gaban injin ban ruwa yana kallon shinkafarsa tana bushewa ba.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne yadda sunan yake sauyawa bayan an watse. Iftila'i na kwana uku ne, na bakwai, na arba'in. Manyan baƙi sun zo sun tafi, an raba tallafi, matan mamata sun yi takabarsu ta wata huɗu da kwana goma sun fita. Daga nan abin ya daina zama iftila'i ya koma nauyi, ya rataya a wuyan baffa ko kawu ko kakan da ya riga ya ajiye garma. Gidan da ake auna tiya biyu ya koma auna huɗu, ga kuɗin makaranta, ga maganin wanda ya tsira da ƙuna, ga auren 'yan matan da za su taso nan da 'yan shekaru. Tallafi sau ɗaya ake ba da shi, don an yi shi ne a kan iftila'i. Nauyi kuwa ba a kafa masa kwamiti, kuma mai ɗauke da shi ba zai kai ƙara ko'ina ba, don a ƙasar nan mutum ba ya kukan 'ya'yan ɗan'uwansa a bainar jama'a.